Minti Talatin na Wuta

Shekara ashirin da takwas ina hawa falwaya
a unguwannin gabashin Sao Paulo,
safar roba har gwiwar hannu,
ina taɓa wutar da za ta gasa bijimi kafin ya yi kuka.
Yau ga ni a kujerar asibiti,
Jucelia na auna kaina da tef kamar tela,
za ta sa mini wutar da ba ta isa kunna tocila ba.
Duk da haka tafin hannuna ya jiƙe.
Wanzami dai ba ya son jarfa.

Soso biyu, an tsoma su a ruwan gishiri,
ɗaya a hagun goshi, ɗaya a dama,
waya ja, waya baƙa.
Wannan na sani, aikina ne.
Abin da ban sani ba, inda layin ya tsinke a cikina.

Ba wanda ya mutu mini, ku daina tambaya.
Neuza na nan da ranta, tana dafa baƙin wake,
jikana na ta dukan bango da ƙwallo.
An ce ruwa ba ya tsami banza.
Nawa ya yi.
Abin ya hau ni kamar danshi a gindin gini,
sai da fenti ya fara zuba muka lura.
Ƙarfe huɗu na dare zuciya kan tashe ni
tana buga ƙirjina kamar mai bin bashi,
in buɗe, ba kowa.

Na sha ƙwaya iri uku.
Ta farko ta busar mini da baki,
ta biyu ta kumbura ni,
ta uku ta sa ina gyangyaɗi a tsaye.

Likita Mitsue ba ta ɓoye mana ba:
rabinku za su sami wutar gaske,
rabi kuwa na'urar za ta ɗan cije su, ta kashe kanta a asirce.
Ni ma ban san rabon kowa ba, in ji ta,
sai an gama bincike a buɗe lambobi.
Na ce ashe caca ce.
Ta ce haka ake gane gaskiya.

Sai ƙaiƙayi.
Kiyashi ke tafiya a ƙarƙashin soson,
su yi zagaye, su gaji, su kwanta.
Anacleto direban bas, a kujerar kusa da ni,
ya rantse yana jin ɗanɗanon tsabar kuɗi a harshe,
saboda haka tasa ce ta gaske.
Ni ina ƙirga ɗigon ruwan sama a taga.
Minti talatin. A share goshi. Gobe ƙarfe tara.

Zama na biyar, babu komai.
Na takwas, babu komai, sai jan tabo a fata.
Na kusa cewa Neuza ta daina ɓarnar kuɗin mota.

Ranar zama na goma sha uku, da yamma,
na shiga kicin neman ruwa,
na ga ƙwan fitilar sama ya mutu.
Na tambaya tun yaushe.
Ta ce wata bakwai.
Wata bakwai matar mai gyaran wuta
tana yanka albasa da hasken wayarta,
ba ta ce uffan ba.

Na ɗauko tsani daga bayan ƙofa.
Gizo-gizo ya yi gida a matakala ta uku.
Na hau, gwiwa na ƙara,
na murza tsohon, na murza sabon.

Ban ce na warke ba.
Mai bin bashin nan har yanzu yakan zo,
sai dai wani daren yana makara.
Ko wutar ce, ko hannun Jucelia mai sanyi,
ko fitar da nake yi kullum in hau bas,
sai watan Nuwamba za a buɗe lambobi.

Neuza ta ɗaga kai, ta kare ido da hannu,
ta ce bangon nan ashe yana son fenti.